Guda nawa kake sha a rana?

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan abun, sai in fara in goge, in fara in goge, yau dai nace bari in daure. Ni Bakatsine ne haifaffen cikin birni, sana'ata ɗinki, bazan faɗi suna ko unguwa ba dan Inna na da rai kuma ƙannena mata basu gama aure ba, kun dai san halin garinmu in aka zo binciken aure har kakan kakanka sai an tono. Ana mana kirari da kunya gare ku ba tsoro ba, to ni wallahi kunyar nan saura kaɗan ta kaini kushewa.

A azumin 2016 na fara. Duk wanda ya taɓa zaman shagon tela ya san yadda goman ƙarshe take, shadda da yadi jibge har sun kusa taɓa silin, kowa an ce mashi gobe in sha Allahu, babu wuta sai janareta, baya kamar ya tsage. Bayan sallar asham wani abokin aikina ya ɓallo mani rabin tiramol yace in kora da shayi. Daren nan kaftani huɗu na haɗa kafin sahur, ko hamma banyi ba, har waƙa nike bisa keke. Nace ashe akwai abu haka a duniya muke ta wahala.

Sallah ta wuce ni ban wuce ba. Daga rabi sai guda, daga 'yar miligiram 100 sai 'yar 200 sai 'yar 225, sai daga baya likita ke gaya mani wadda hukuma ta yarda da ita a Najeriya 50 ce da 100 kawai, sauran duk ta ɓarauniyar hanya suke shigowa. Kodin ya biyo baya, a juye cikin robar lemo kana tafe kana kurɓa ba wanda ya sani. Da gwamnati ta hana shi a watan Mayun 2018 bayan binciken nan da BBC suka yi, mu a majalisarmu dariya muka yi, dan ba ɓacewa yayi ba tsada kawai ya ƙara, wanda aljihunshi bai kai ba ya koma ma ƙwaya gaba ɗaya. Ni kuma da tiramol ta hana ni barci sai aka haɗa ni da rafanol. Safe in sha ta tashi, dare in sha ta kwanciya. Ita rafanol tana rina harshe yayi shuɗi, ranar da Inna ta fara gani nace mata alawa na sha, ta kalle ni kawai, ƙato da ni ɗan shekara ashirin da wani abu wai alawa.

Abubuwan da nayi a tsakani ba sai na jero su ba. Na saida shaddar mutane da suka kawo ɗinki nace ɓarayi sun fasa shago. Ogana ya kore ni sau biyu yana maida ni dan darajar mahaifina da ya rasu. Inna kuwa ba abinda bata yi ba, rubutu na sha har na gaji, tofi, hayaƙi, sadakar waina ranar Juma'a, dan ita a wurinta sammu ne aka yi ma ɗanta. Baffana ya kawo shawarar a kaini gidan mari, har an fara maganar kuɗin abinci, sai ga shi a watan Oktoban 2019 'yan sanda sun fasa irin gidajen nan a Daura da nan cikin Katsina, aka riƙa nuna mutane da sasari a ƙafa, jikinsu duk tabon bulala. Inna ta ga hotunan a wayar ƙanwata, tace ko zan mutu gwara in mutu a gabanta. Allah Ya saka mata. Amma gaskiya ni a lokacin ba tausayin waɗancan naji ba, murna nayi na tsira zan ci gaba da sha'anina.

Ana saura 'yan kwanaki babbar sallar 2022 na faɗi a shago. Ni dai na san ina kan keke ina haɗa wuyan riga, sai farkawa nayi a ƙasa jiƙe sharkaf an sheƙa mani ruwa, bakina duk jini na tauna harshe, wani ya cusa mani cokali har ya ɓantare mani haƙori (daga baya wata nas tace kuskure ne babba, mai farfaɗiya ba'a sa mashi komai a baki, a kawar da abinda zai ji mashi ciwo, in ta lafa a juya shi ya kwanta ta gefe). Mutane na ta cewa iska ce, a kira malam. Ni na san iskar, tana cikin aljihuna. Kuma wai duk da haka da daddare na ƙara sha.

Abinda ya karya ni ba faɗuwar bace. Wata safiya ina kwance a soro naji Inna ta fito zata kewaya, sai naji ƙarar kwaɗo, ƙyas. Ɗakinta ta kulle. Banɗaki fa zata shiga, taku nawa ne, kuma gidan ba kowa sai ni. Matar da tunda na taso labule ne kawai a ƙofarta. Bata ce mani komai ba nima bance ba, amma ranar ko tiramol ɗin bata hau kaina ba. Da la'asar na taka har gidan Kawu, ƙanen Inna, malamin makaranta ne da yayi ritaya, na tsugunna nace Kawu dan Allah a kaini asibiti. Ya daɗe yana kallona sannan yace, kai ka faɗa da bakinka ko uwarka ta turo ka? Nace ni ne. Yace to tashi ka zauna bisa tabarma.

Sai da aka kwashe kusan wata ana haɗa kuɗi, dan abun ba arha ba, kuma wannan na daga cikin abinda ke ci mani rai har yau, yaran da muka zauna majalisa ɗaya da yawansu ko sun so ba mai biya masu. Inna ta saida awakinta uku ta haɗa da kwasar adashi, Kawu ya cika. Aka ce ma 'yan unguwa zani Kano koyon aikin keken kwamfuta mai yin surfani.

Ana sallame asuba muka fita dan kar a ganmu, cikin damina ne ana ɗan yayyafi. A mota na haɗiye guda biyu wai na bankwana. Charanchi, Kankia, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa, Bichi, ni dai ina jingine da gilashi ina kallon gero da dawa sunyi kore shar, Kawu na jan carbi. Da muka iso Dawanau gabana ya faɗi, dan tun muna yara in mutum yayi shirme ake cewa a kai shi Dawanau, saboda asibitin ƙwaƙwalwa da ke wurin, duk da babbar kasuwar hatsi ma nan take amma ba ita ake tunawa ba. Nace shikenan ashe Kawu gidan mahaukata zai kawo ni. Sai naga mun wuce. Wata cibiya ce can cikin gari, gida ne kamar na kowa sai dai katangar doguwa ce, bazan faɗi sunanta ba. Yanzu kam na san ko can ɗin aka kaini ba wani abun kunya bane, likitocin fannin ɗaya ne, amma a ranar ajiyar zuciya nayi.

To ga inda nayi wayo irin na tela. Tun ana jibi tafiya na farke bakin wandona inda zariya ke bi, na jera ƙwaya goma sha biyu a ciki cikin leda, na maida ɗinkin tsaf yadda ko ogana bazai gane ba. Wai ni nazo neman magani da ƙafata amma ga guzuri. Abinda ban sani ba, a ƙofar shiga karɓe zariya suke, da bel da reza da waya da duk wani abu da mutum zai iya cutar da kanshi da shi. Wani dattijo mai aiki a wurin ya jawo zariyar yaji ta cije, ya bi da yatsa, ya ɗago ya kalle ni yace sana'arka mi? Nace ɗinki. Yace na gani, hannunka na da kyau, ya ɗauko almakashi. A gaban Kawu aka zazzage su bisa tebur. Da ƙasa zata tsage da na shige.

Sai ofishin likita. Mace ce, ba wata babba ba, ta buɗe fayil tana ta tambayoyi, shekara nawa, yaushe ka fara, akwai mai irin wannan a dangi, ka taɓa tunanin kashe kanka, ka taɓa yin allura. Sai tace guda nawa kake sha a rana? Na saci kallon Kawu nace biyu. Banda tiramol fa? Nace babu. Bata musa ba, ta rubuta, ta bani 'yar roba tace in kawo fitsari, aka kuma ɗebi jini dan gwajin ciwon hanta da ƙanjamau da sauransu. Abun gwajin fitsarin wani ɗan faranti ne mai layi-layi, ko minti goma ba'a yi ba ya tona ni. Ta duba tace, Alhaji dan Allah ɗan bamu wuri. Kawu ya fita.

Ta jawo kujera tace, malam ni ba 'yar sanda bace ba kuma 'yar NDLEA ba, lissafi nike so inyi. Tace barin tiramol azaba ne, zaka ji kamar zaka mutu, zamu baka abinda zai rage maka. Amma ita ƙwayar barcin da ka ɓoye, in jiki ya saba da ita aka yanke ta rana ɗaya tana iya jawo farfaɗiya mai tsanani har a rasa rai, dole a hankali ake janye ta ana rage awo. In kace mani babu, zan rubuta babu, kuma da babu ɗin za'a yi maka aiki. To guda nawa?

Wallahi shekara shida ba wanda ya taɓa yi mani tambayar nan dan yana son jin amsar. Kowa in ya tambaya so yake in ce na daina, ko ya samu abun zagi. Bakina na rawa nace 'yar 225 guda shida, wata rana bakwai. Rafanol biyu kullum dare. Kodin in na samu kuɗi. Wiwi jefi-jefi. Ina faɗa ina jiran ta riƙe baki ko tayi salati, sai naga rubutu kawai take kamar wadda ake faɗa ma awon riga, tsawo kaza hannu kaza. Ta gama tace yawwa, yanzu muka fara. Kuma tace faɗuwar da nayi a shago ba iska bace, tiramol in tayi yawa haka take yi.

Da Kawu zai tafi ya dafa kaina yace Allah Ya baka lafiya. Lafiya yace, ba shiriya ba, na daɗe ina juya kalmar nan. Aka ja ƙofar ƙarfe.

Daren farko lafiya lau dan na bankwanan nan na jikina. Washegari da yamma abun ya fara. Hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina na zuba ba kuka nike ba, gumi ya jiƙa zanin gado amma ina rawar sanyi, tsigar jiki na tashi kamar kazar da aka fige. Dare na biyu da na uku su ne bazan manta ba. Zawo, amai, ƙasusuwa kamar ana kwankwatsa su da taɓarya, sannan ƙafafu, kai ƙafafun nan, ba ciwo bane kamar ciwo, wani abu ne ke yawo cikin ɓargo da bazai barka ka ajiye su wuri ɗaya ba, in miƙe in naɗe in tashi in zagaya ɗaki in dawo. Nas na zuwa ta auna jini da zafin jiki, ta bani magani ta tsaya sai na haɗiye na buɗe baki ta gani, aka sa mani ruwa leda biyu. Maganin na ragewa amma ba ɗaukewa yake ba, duk wanda yace maka akwai allurar da za'a yi maka ka farka ka warke ƙarya yake.

A dare na uku na je na riƙe ƙofa ina jijjiga ina ihu a buɗe mani, ni na kawo kaina ni zan maida kaina, nan ma ai gidan mari ne an dai shafa mashi fenti. Na zagi nas ɗin da ke aikin dare zagin da har yau in na tuna sai naji nauyi. Mutumin nan bai taɓa ni ba. Yace duba ƙafarka, akwai mari? Nace babu. Yace to ka bari gari ya waye likita tazo a kira Kawunka, in tafiyar ce sai kuyi magana, yanzu ƙarfe biyun dare ina zaka a Kano da wando ba zariya? Ban san sanda dariya ta kufce mani ba ina kuka ina dariya. Ya haɗa mani shayi ba madara muka zauna bisa benci har aka kira assalatu. Da gari ya waye ban ƙara tada maganar ba.

Wajen kwana na shida na fara jin yunwa, na cinye kwanon shinkafa da wake tas. Barci ne ya daɗe bai dawo ba, da wata irin kasala da baƙin ciki mara dalili, shi wannan yafi sati nawa yana bina. Kuma kar in yi maku ƙarya wurin ba aljanna bane, sauro kamar su ɗauke ka, miyar wata rana ruwa ce tsululu, cikin ma'aikatan akwai mai kallonka kamar kashi. Amma ba'a taɓa dukan kowa a gabana ba.

Da na fara fitowa zaman da ake yi da safe, inda ake jera kujeru a zagaye kowa yayi magana, nan na sha mamaki. Ni na zata 'yan daba da ƙauraye zan tarar. Sai ga ma'aikacin gwamnati mai 'ya'ya biyar, ga wani ɗan jami'a da wiwi ta taɓa ma kai yana jin muryoyi, ga direban babbar mota da ya girmi Kawu, ga wani bawan Allah mai sikila da allurar kashe ciwo ta penta ta kama tun daga gadon asibiti, cinyoyinshi duk sun yi tauri da gyambo. Wanda ke jan mu sallah kuwa mahaddaci ne, in yana karatu sai jikinka yayi sanyi, kodin ya kawo shi. Ta bayan katanga akwai ɓangaren mata, muna jin muryoyinsu, ance har da matan aure. Malamin da ke jagorantar zaman ya taɓa gaya mana binciken da aka yi a 2018 da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Najeriya, kuma cikin duk huɗu ɗaya mace ce. Direban nan yace to Malam ina sauran suke, mu nan ko talatin bamu kai ba? Aka yi dariya, amma ni sai naji wani iri, na tuna 'yan majalisarmu.

Dokar zaman ita ce ranar da ka fara magana zaka faɗi abinda kake sha da adadinshi da bakinka. Naga yadda sababbin zuwa ke yi, kowa da biyu yake farawa, ban san mi yasa biyu ba, sai tsofaffin su kwashe da dariya suce ƙaro dai. Ni da aka zo kaina na faɗi shida zuwa bakwai kai tsaye, na ƙara da labarin shaddar mutane, da kwaɗon Inna wanda ko likita ban gaya ma ba. A nan aka koya mani in san abinda ke tada mani sha'awar, nawa dai a bayyane suke, kwanan shago, ciwon baya, da kuɗi a aljihu da yamma. Wata uku nayi a wurin, kuma bayan na fito na taɓa zamewa sau ɗaya a wani azumin na koma wajen likita da ƙafata, wannan wani labarin ne daban.

Sati uku ba'a bari kowa ya zo ba. Ranar da aka bada izini ina zaune aka ce kana da baƙi, na fito sai ga Inna, matar da ko Batagarawa zata sai tayi kwana biyu tana shiri, wai ita ce a Kano. Ta zo da fura da dambun nama, kuma dattijon nan na bakin ƙofa ya sa ludayi ya juya furar kaf yana bincike, ranta ya ɓaci tana ta faɗa wai ita za'a tuhuma, nace Inna ki yi haƙuri ɗanki ne ya ja. Na durƙusa na gaida ta. Ta kalle ni sama da ƙasa tace ka yi ƙiba. Sai tace buɗe bakinka in gani. Na buɗe, ta leƙa harshen da kyau, tace to.

Muna cikin hira naga gefen hijabinta ya yage, ƙofar mota ta kama shi a tasha. Akwai wani ɗaki da ake koyar da sana'a da tsohon keke Butterfly a ciki, na roƙa aka buɗe mani, ma'aikaci na tsaye a kaina dan allura a ƙirge take. Ta yafa zanin da ta ɗauro kaya da shi ta bani hijabin. Hannuna na rawa, sau huɗu ina kai zare yana kaucewa, na lasa na sake, a na biyar ya shiga. Na taka keken a hankali na bi gefen har ƙarshe na yanke zare na kawo mata. Ta juya shi ciki da bai, ta kai shi kusa da ido ta bi ɗinkin da farce, tace nan wurin ya ɗan karkace. Ta saka abunta, tace ma Kawu su tashi kar dare yayi masu a hanya.